Gamba ba ta jiran wanda ya makara: lokacin shuka da yawan irin ciyawar dabbobi

Gonar ciyawar dabbobi iri biyu ce, ko da yake ido ba ya raba su a watan farko. Akwai wadda ake shukawa don a yanka a yi ingirici ko a saki shanu su yi kiwo, akwai kuma wadda ake shukawa don a tara iri, a sayar ko a faɗaɗa makiyaya baɗi. Ta farko tana da haƙuri. Ko a tsakiyar Agusta aka shuka ta, muddin ta kama ƙasa kafin ruwa ya ɗauke, baɗi za a sa mata lauje. Ta biyu ba ta san wannan haƙurin ba. Makarar mako uku ko huɗu na iya sa gonar da aka kashe wa kuɗin haro da taki ta tsaya kore shar, gwanin sha'awa daga bakin hanya, amma in an zo sussuka a Nuwamba sai ƙaiƙayi.

Kuma ba lalaci ke kawo makarar ba. Makonnin da ciyawar iri take so su ne dai makonnin shukar gero da dawa da masara, sannan noman firi ya biyo baya, hannu ya yi ƙaranci, ɗan ƙwadago ya yi tsada. Sai a ce ai ciyawa ce, ita da ke fitowa da kanta a bakin burtali, a bar ta sai an gama da hatsi. Kafin a waiwayo ta Yuli ya ƙare. A ganina wanda ya yi niyyar noman iri gara ya rage gonar zuwa abin da zai iya shukawa a kan kari, ko da rubu'in hekta ne, da ya share hekta biyu ya shuka a makare.

Dalilin yana cikin halittar ciyawar. Kowane manomi ya san bambancin gero da maiwa. Gero kwana yake ƙirgawa. In ka makara da mako biyu, girbinsa ma ya matsa da kusan haka. Maiwa ba ruwanta da ranar da ka shuka ta, ita da farafara da kaura. Suna jiran wuni ya gajarta dare ya ƙara tsawo, sannan su yi ciki. Gamba da kyasuwa 'yan gidan maiwa ne. A Zariya wuni mafi tsawo, wajen 21 ga Yuni, kusan awa 12 da minti 45 ne. A ƙarshen Satumba ya sauko zuwa awa 12 da 'yan mintoci, a Disamba awa 11 da rabi. Mutum da ƙyar yake lura da wannan bambancin, amma ganyen ciyawa yana aunawa daidai, kuma kowace shekara lissafin bai canzawa, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Saboda haka gambar da aka shuka a tsakiyar Yuni da wadda aka shuka a farkon Agusta kusan tare za su nemi fitar da kai a Oktoba. Ta Agusta ba ta samu ƙarin lokaci a ƙarshe ba. An dai gutsure mata mako shida daga lokacin girma.

Abin da ake aunawa a buhu kuwa daga abubuwa huɗu yake taruwa: yawan kawunan da ke cikin kowace murabba'in mita, girman kowane kai, yawan ƙwayar da ta cika a cikin kan, da abin da aka iya tarawa kafin ya zube. Makara tana taɓa dukkan huɗun, amma ta fi ɓarna a na farko.

Ba kowane ɗan da gindin ciyawa ya haifa ne ke fitar da kai ba. Sai wanda ya yi ƙwari, ya tara ganye ya yi kauri kafin dare ya kai tsawon da ake jira. Wanda ya fito a makare ganye zai ci gaba da yi, ko ya fitar da ɗan siririn kai bayan 'yan'uwansa sun nuna. Gamba kuma tana da nawar tashi. A makonni huɗu zuwa shida na farko ƙarfinta duk a ƙasa yake, tana kafa saiwa, a sama sai 'yan zare biyu ko uku da ba ka iya bambanta su da harƙiya sai ka duƙa. Sai bayan nan take fara 'ya'ya sosai. In ka tsuguna kan gindin da aka shuka a Yuni ka ware shi da hannu a farkon Satumba, za ka ga kara masu kauri da yawa, gaɓoɓinsu sun fara miƙewa, in ka matsa ƙasan karan ka ji tauri. Gindin Agusta a wannan ranar 'ya'ya kaɗan gare shi, lausasa, in ka matsa ba ka jin gaɓa ko ɗaya. Daga nan an riga an san yadda kaka za ta kasance.

Sai batun cikar ƙwaya. Fitar da kai ba shi ne iri ba. Bayan bununi ƙwayar tana bukatar makonni tana sha daga uwar, kuma wannan yana faɗowa daidai lokacin da ruwa ke ɗaukewa. Tsiron da ya daɗe a ƙasa saiwarsa ta nutsa, yana jan danshin da ya rage can ƙasa. Na makara saiwarsa tana sama, inda jigawa ke bushewa cikin 'yan kwanaki. Iskar hunturu na farawa sai kan ya bushe a tsaye. Ga gashi, ga launi, ga komai, amma in ka murza a tafin hannu ka busa, babu tsaba. Irin wannan fankon iri shi ne ke yawo a kasuwa, mai saye ya shuka ya ga ba abin da ya fito, ya ce ciyawar shukawa ƙarya ce.

Lissafi daga baya

Hanyar sanin ranar shuka ita ce a fara daga ƙarshe. Lura da makon da gambar daji ta yankinka take fara miƙa kara, wanda yake zuwa makonni kafin a ga kai. A ƙasar Zazzau cikin Satumba ne. Daga wannan makon ka koma baya mako 10 zuwa 12, don shi ne gwargwadon abin da tsiro ke bukata ya zama gindi mai 'ya'yan da za su haihu. Lissafin zai sauke ka tsakanin tsakiyar Yuni da makon farko na Yuli. Wannan ne lokacin Zariya da Kaduna da Bauci da makamantansu, inda ruwan shekara yake kai milimita 1,000 ko ya ɗara, damina kuma ta zauna tun farkon Yuni.

Da ka yi arewa sai ƙofar ta ƙara tsukewa ta fuska biyu. A Kano da Katsina da Sakkwato ruwa bai cika zama ba sai ƙarshen Yuni, ya kuma ɗauke a ƙarshen Satumba. Nan ranar shuka ita ce ruwan shuka na farko da aka amince da shi, kuma in 15 ga Yuli ta wuce a daina sa ran irin kirki a shekarar. A Maraɗi da Damagaram, inda ruwan shekara yake wajen milimita 400 zuwa 500, gambar da aka shuka da tsaba shekarar farko ta kafuwa ce kawai, iri sai shekara ta biyu. Mai son abin sayarwa a kakar farko a can, kyasuwa ce tasa.

Hasashen damina da hukumar yanayi ta Nijeriya, NiMet, ke fitarwa farkon kowace shekara, da na cibiyar Agrhymet da ke Yamai, yana taimakawa wajen shirin haro da sayen taki. Amma ranar shukar kanta a gona ake yanke ta. A haƙa da hannu ko fartanya bayan ruwa. In laima ta kai zurfin santimita 15 zuwa 20, wato ruwan da ya kai milimita 20 zuwa 25 cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma an shiga lokacin da ba a saba yin farin kwana goma ba, a shuka washegari.

Gaggawa ma tana da nata hasara, kuma ta fi ta hatsi muni. Ƙwayar dawa tana da guzuri, ana binne ta da zurfi inda laima ke daɗewa. Irin ciyawa ƙanƙane ne, ba ya jure zurfin da ya wuce santimita 1 zuwa 2, irin ciyawar Rodis ma ko santimita 1 kada ya wuce. Wannan saman ƙasar shi ne rana ke fara busarwa. In aka bi ruwan farko na Mayu, ya tsiro, aka yi fari na mako guda, an yi asarar irin gaba ɗaya, kuma ba iri ne da ake samu a kowace kasuwar ƙauye ba balle a sake. Binne kuwa ban ba kowa shawararsa a gonar iri ba. Irin da ya kwana biyu a busasshiyar ƙasa abincin tururuwa ne; in ka bi layinsu zuwa bakin rami za ka tarar da gashin gamba da na kyasuwa a tare kamar an share. Inda binne ke da hujja shi ne aikin farfaɗo da faƙo a Nijar, inda ake zuba kyasuwa cikin ramuka masu siffar rabin wata gab da damina, don filin yana da faɗi kuma ramin yana tara ruwa. Can rufe ƙasa ake nema, ba cika buhu ba.

Akwai wata dabara mai amfani ga makonnin jira. A yi haro bayan ruwan farko, a bar harƙiya da gude-gude da tafasa su tsiro, a kashe su da haro na sama-sama ko da feshi, sannan a shuka. Kwana goman da aka yi ana wannan ba asara ba ne, muddin bai tura ka bayan iyakar da aka ambata ba. Ciyawar daji ita ce babbar abokiyar gabar tsiron gamba, kuma ba a iya cire ciyawa daga cikin ciyawa da maganin feshi bayan sun tsiro tare. Shi ya sa shuka a layi ta fi watsi a gonar iri: layi ne ke nuna wa mai noma abin da zai bari.

Agusta kuma watan marka ne. Bayan gajartar lokaci, ruwa mai ƙarfi yana kwashe ƙananan iri ya tara su a kwari, ko ya daddaɓe saman ƙasa ya yi ɓawon da tsiro ba ya iya hudawa, rana ta yi ƙaranci, tsiron da ya fito ya ruɓe a wuya.

Ba duk ciyawa ce halinta ɗaya ba

Kyasuwa 'yar shekara ɗaya ce, tana tashi da sauri, kuma tana yafe makara fiye da gamba. Ko ta ƙarshen Yuli za ta fitar da kai, sai dai gajeruwa, kawunan ƙanana, 'ya'yan kaɗan. Matsalarta a ɗaya gefen take. In an shuka ta farkon Yuni a ƙasa mai ƙarfi, aka kuma zuba mata yuriya, sai ta yi tsawo ta yi laushi, iskar ƙarshen damina ta kwantar da ita. Kan da ya kwanta a laima ba ya cika, wanda ya cika ma ba a iya tara shi. Maganin shi ne a yanke ta sau ɗaya wajen ƙarshen Yuli, a bar tsayin santimita 15 zuwa 20. An samu ciyawar tumaki, tohon kuma zai fito gajere, kai ɗaya, ya nuna tare.

Ciyawar Rodis sai an tambayi sunan nau'in kafin a saya. Katambora da Pioneer ba su damu da tsawon wuni ba, suna fitar da kai da zarar sun girma, har ana iya tara iri fiye da sau ɗaya a shekara inda akwai ban-ruwa. Su kam in an shuka da wuri sosai kan farko yana nuna a tsakiyar marka, ya jiƙe, ya yi wuyar shanya. An fi so a daidaita su, da ranar shuka ko da yanka, yadda nunar za ta faɗo ƙarshen damina. Callide kuwa tana jiran gajeren wuni, lissafinta irin na gamba ne. Mutum biyu za su shuka Rodis rana ɗaya, ɗaya ya tara iri a Satumba ɗaya yana jira har Nuwamba, kowanne yana zaton an cuce shi, alhali nau'in ne ya bambanta.

Ciyawar birakiyariya, musamman nau'in ruzi da ake yawan shukawa a gonakin madara, ita ma ƙarshen damina take fure, kuma tana zubar da iri da zarar ya nuna. A arewa maso gabashin Tailan, inda ƙauyuka da yawa suka mai da noman irin ciyawa sana'a, sukan ɗaure kawunan tsaye dami-dami su riƙa kaɗe su cikin mazubi kowace rana ko bayan kwana biyu. Can ne kuma masu bincike a jami'ar Ubon Ratchathani suka gwada wata ciyawa mai suna Paspalum atratum: wadda aka shuka da tsaba ba ta ba da iri ba a shekarar farko, dashen farkon damina kuma ya fi na baya nesa ba kusa ba, domin ita sai ta ga dogon wuni tana da girma sannan gajeren wuni ya sa ta fure. Ciyawar Nefiya ba ta cikin wannan zancen, da kara ake dasa ta.

Asalin irin ma yana shiga lissafi. Tun shekarun 1960 masu binciken noma na Samaru, Zariya, suka nuna cewa dawar kowane yanki a Nijeriya tana fitar da kai ne daidai da ƙarshen daminar yankinta, kuma gamba haka take. Irin da aka tara a kudu, inda ruwa ke kaiwa ƙarshen Oktoba, in an kawo shi Kano zai ba da ganye mai yawa, amma zai jira lokacin garinsu, ya fitar da kai bayan ƙasa ta bushe. Ba ranar shukar da za ta gyara wannan. Don ingirici yana da kyau ƙwarai, don jinkirin furen ma riba ce. Don iri kuwa a nemi na kusa ko na arewa da kai kaɗan. Wannan gambar tamu ba ƙaramar aba ba ce a idon duniya: wadda aka ɗauka daga Shika, inda cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI take, ita ce aka saki a 1980 a Kolambiya da sunan Carimagua 1, a Burazil kuma da sunan Planaltina. A arewacin Ostireliya gamba ta bazu har ta zama annoba mai rura gobarar daji, gwamnati na yaƙi da ita.

Yadda ake sayen lokaci

Wanda ya san hannunsa ba zai samu sarari ba a Yuni yana da hanya biyu. Ta farko reno. A tsakiyar Mayu a yi fangali mai faɗin mita 1 kusa da rijiya, a shuka a layuka, a rufa da ɗan shuci har ya tsiro, a riƙa ban-ruwa safe da yamma. Bayan mako 4 zuwa 6 tsiron ya kai tsawon dashe. A rage ganyen da kusan rabi, a dasa biyu ko uku a rami ɗaya da yamma bayan ruwa. Dashen farkon Yuli da aka yi haka yana ɗauke da girman shukar Mayu, kuma ya tsallake fari da tururuwa.

Ta biyu ta fi sauri ga gamba: a tono tsohon gindi bayan ya yi toho, a tsattsaga, kowane tsagi da 'ya'ya uku ko huɗu da saiwarsu, a datse ganyen a bar santimita 20 zuwa 25, a dasa a ranar. Irin wannan dashen yana fitar da kai sosai tun shekarar farko, har a arewa. Wahalarsa yawa ce. In tsakanin layi mita 1 ne, tsakanin gindi santimita 50, hekta tana cin tsagi 20,000, rubu'inta 5,000. Don haka ya fi dacewa da ƙaramar gonar iri. A zaɓi gindin da za a tono tun kakar bara, a sa masa alama: mai ganye da yawa, wanda ya fitar da kai a kan lokaci. In ba haka ba za a dasa masu nuna da wuri da masu jinkiri a haɗe, girbi ya rarrabu.

Wasu kan zuba irin ciyawa a ƙarƙashin masara lokacin maimai don rage kuɗin gyaran ƙasa. Don kafa makiyaya dabara ce mai kyau. Don iri a shekarar, makara ce biyu: ga jinkirin shuka, ga inuwa.

Ranar shuka ba ta da amfani in irin matacce ne, ko bai farka ba. Sabon irin gamba da birakiyariya yana barci na watanni bayan girbi, shi ya sa wanda aka tara a Nuwamba yake daidai da shukar Yuni, wanda kuma aka gwada a Janairu yakan nuna kamar ba shi da rai. Wanda ya shekara biyu a ɗaki mai zafi da laima kuwa ya riga ya tafi. A gwada a farkon Mayu. A ɗebi ɗan kaɗan a auna, a murje a raba mai tsaba da fanko. Sannan a ƙirga 100 daga masu tsabar, a jera kan jiƙaƙƙen yashi a inuwa, a ƙirga abin da ya tsiro cikin mako 2 zuwa 3. Misali, in kashi 30 cikin 100 na nauyin ne mai tsaba, kuma 40 cikin 100 suka tsiro, irin mai rai kashi 12 ne kacal. Hektar gamba tana son wajen kilo 2 na mai rai, ke nan sai an zuba kusan kilo 17 na wannan buhun. Wanda bai gwada ba sai bayan mako uku da shuka zai gane gonar ta yi gibi, kuma mako ukun nan su ne dukan ƙofar. Wajen shukar a cakuɗa irin da yashi mai ɗan laima, kashi ɗaya iri kashi uku ko huɗu yashi, don gashin yana sa shi dunƙulewa. A ja layi marar zurfi, a zuba, a taka da ƙafa. Takawar nan ta fi rufewa muhimmanci.

Taki ma yana bin wannan agogon. Supa, buhu 2 zuwa 3 a hekta, a ƙasa yake shiga lokacin haro. Yuriya buhu ɗaya na kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, kuma gonar iri tana cin buhu 2 zuwa 4 gwargwadon ƙarfin ƙasar. A raba biyu: kashi ɗaya bayan noman firi, lokacin da tsiron ya fara 'ya'ya, ɗayan gab da miƙa kara. Yuriyar da aka zuba bayan kai ya fito sabbin 'ya'ya take tayarwa, waɗanda ba za su nuna ba, ta kuma sa karan ya kwanta. Ba a rama makara da taki.

Daga shekara ta biyu babu shuka, amma ranar ba ta tafi ba, ta koma ranar yankan ƙarshe. Gambar da aka bari tun farkon damina ba a taɓa ba tana wuce mita 3, lauje ba ya kai wa kan sai an tanƙwaro, iri ya zube. Wadda aka bar shanu a kai har Satumba kuwa an cinye mata 'ya'yan da za su haihu. A yankin Zariya a yi yankan ƙarshe ko a fitar da dabbobi kafin Yuli ya fita, a arewa a riga haka, a yanka a tsayin santimita 25 zuwa 30, a zuba yuriya, a rufe gonar.

Girbin gamba yakan faɗo mako 5 zuwa 6 bayan fara fitar da kai. Alamarsa ita ce saman kawunan sun fara zuba, in ka ja kai ta cikin tafin hannu iri ya biyo ba da ƙarfi ba, in ka ciza tsabar ka ji tauri. A yanka da safe kafin iska ta tashi, a jera kan tamfol kawuna na kallon ciki, tsibin kada ya kai mita 1, a rufa da kara, a bari kwana 3 ko 4 ya yi gumi. A riƙa cusa hannu. In zafin ya fi ƙarfin hannu a buɗe, don zafi na kashe tsaba. Sannan a kaɗe, a shanya a inuwa a shimfiɗe ana juyawa, a zuba a buhun da ke shan iska a ɗora kan katako. A rufe hanci da wuya, gashin yana da ƙaiƙayi. Gonar da aka shuka a kan lokaci kawunanta tare suke nuna, yanka ɗaya ya wadatar. Ta makara kashi-kashi take nuna, sai ka zaɓi wanda za ka rasa, kuma jiran na baya yana kai ka lokacin da aka kwashe hatsi aka saki dabbobi, gonarka ce kaɗai ta rage kore a karkarar.

In Agusta ta kama ba a shuka ba, a shuka ɗin, amma a canza niyya. A zuba supa, a taƙaita yuriya zuwa buhu ɗaya, a yi noma sau biyu, kada a sa dabba ko lauje a wannan shekarar. 'Yan kawunan da suka fito a bar su su zube su cike gibi. Kafin Nuwamba a share hanyar wuta mai faɗin mita 3 zuwa 4 kewaye da gonar, a gyara shinge. Gindin da ya tsallake rani haka shi ne zai fara toho da ruwan farko, kuma irin da aka rasa bana daga kakar baɗi za a fara aunawa.